Huɗu a Kowane Rami

Ƙwayoyin ƙanana ne, rawaya, ko rabin ƙwayar wake ba su kai ba. Sau ɗaya a mako ake shan su, guda huɗu, ranar Laraba da safe. Inna ta san haka, likitan da ya rubuta su ma ya sani. Baba, da ya shekara uku yana haɗiye su, bai taɓa riƙe ranar a kansa ba. Auta kuwa, ƙaramin ɗansu da har yanzu yake zaune tare da su, bai ma san akwai su a gidan ba sai da Inna ta yi tafiya.

Tafiyar ba shiri ta zo. An yi wa ƙanwar Inna aiki a ciki a wani gari, babu mai zama da ita. Ranar Laraba ce, Inna ta riga ta ba Baba huɗunsa tun da safe, ta mayar da kwalbar can saman durowar kaya, inda take ajiye ta ita kaɗai don kada ta haɗu da sauran. A tunaninta kwana biyar za ta yi ta dawo, saboda haka ba ta ga dalilin cika wa Auta kunne da maganin da ba za a taɓa ba sai wata Larabar. Na hawan jini da na ciki da na rage zafi ta jera a kan tebur, tana nuna masa da yatsa, mai tasi yana ta danna hon a waje.

"Wannan safe. Wannan ma safe. Wannan sai ya ci wani abu tukuna. Ka ji ko?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba, idonka na kan waya."

"Haba Inna, ƙwai dubu nawa ke bi ta hannuna a rana? Magani kala uku ne zai gagare ni?"

Yayarsa, wadda ke aure a ɗaya gefen gari, tana kan layi a wayar Inna, muryarta na fitowa kowa na ji. "Wai Auta za ki bar wa Baba? Wanda ya bar tukunya a wuta ya tafi kallon ƙwallo?"

"Shekara goma sha biyu ke nan da maganar tukunyar nan," in ji Auta. "Ita kanta tukunyar ta yafe min."

Ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai. Shekararsa ashirin da takwas, a gidan nan kuwa har yau shi ne mai ƙona tukunya.

A wurin aiki kam ba mai raina shi. Shekara shida ke nan yana siton ƙwai, a tsaye daga ƙarfe bakwai zuwa huɗu, yana cika tiren kwali mai rami talatin, ya ture, ya jawo wani. Dokar wurin ɗaya ce, mai sito yana karanta wa kowane sabon ma'aikaci ita: rami ba ya fita babu komai a ciki. Tire ɗaya ya je hannun mai saye da giɓi, sai a dawo da kayan duka, a tsayar da kowa ya sha faɗa. Auta ya kai inda ba sai ya duba ba. Tafin hannunsa kawai zai bi ta saman tire, ya san inda ya rage. Yakan dawo gida bayansa ya sage, ƙafafu sun yi nauyi, rigarsa na ƙarnin fasasshen ƙwai.

Ranar Alhamis da ya tashi daga aiki ya biya kantin magani, ya sayi ɗan akwatin roba mai rami bakwai, kowane rami da murfinsa da sunan ranarsa. Yana ganinsa ya ji kamar sun saba, ai ƙaramin tire ne. Da ya zo gida yana laluben zanen gado a saman durowa, hannunsa ya bugi kwalba. Takardar jikinta ta sha man hannun Inna har rubutun ya zama inuwa. A kan murfin an rubuta 4 da jan biro.

Baba yana zaune a teburinsa na bakin taga, gilashi manne a ido ɗaya, wani agogon hannu a buɗe a gabansa. Gyaran agogo ne sana'arsa tun kafin a haifi Auta. Shekara uku da suka wuce ciwon gaɓoɓi ya kama masa yatsu, suka kumbura suka lanƙwashe har cokali ya gagare shi. Waɗannan 'yan ƙwayoyin ne suka dawo masa da hannunsa. Aikin bai kai na da ba, agogo biyu ne ko uku a mako, amma dai in ya tashi da safe ya san inda zai zauna.

"Baba, wannan ma naka ne?"

Baba ya ɗago ya cire gilashin. "Nawa ne. Shi ne na hannu."

"To me ya kai shi saman durowa?"

"Tambayi Innarku. Ita ke da dokokinta."

"Guda nawa kake sha?"

"Huɗu take zuba min."

"Ka gani ko? Ta manta ba ta faɗa ba. Kuma ni ake cewa ba na ji."

"Ni dai abin da aka zuba min a tafi shi nake haɗiyewa," in ji Baba, ya mayar da gilashinsa.

Auta ya zauna a ƙasa ya buɗe murfi bakwai. Ya zuba na hawan jini, ya zuba na ciki, ya zuba na zafi, sannan rawaya huɗu a kowane rami. Ya bi da tafin hannu ta sama, ba giɓi ko ɗaya. Ya ɗauki hoto ya tura wa Yaya. Ta amso masa da cewa, "Ikon Allah! Wa ya taya ka?"

Juma'a da safe aka fara. Asabar da Lahadi lafiya lau. Litinin Baba ya ture kofin shayi ya ce yana ƙona masa baki. Auta ya kurɓa, shayin ko ɗumin kirki babu. Talata ya ce burodi na yankarsa. Auta ya haska masa fitilar waya, ya ga wasu gyambuna fari-fari a cikin leɓe da gefen harshe, ya ce zafi ne ya yi yawa, ya je ya sayo man shafawa a baki. Inna kuwa ba ta dawo ba, ɗinkin ƙanwarta ya yi ruwa, an ƙara musu kwanaki.

Laraba da safe ta kira, Auta yana bakin titi yana jiran bas, motoci na ta ihu.

"Ka ji, akwai wata kwalba a saman durowa, ka ɗauko ka ba Babanku huɗu..."

"Ai na gan ta tuni, Inna. Na ba shi."

"Ka ba shi? Yau?"

"Da safen nan, da hannuna."

"Kai, Allah ya yi maka albarka. Ashe kana lura. Ya jikin nasa?"

"Baki ne ke ɗan damunsa, na sayo magani."

Bas ta iso, ya kashe wayar ya kutsa ciki. Ranar nan har waƙa ya riƙa yi a bakin aiki.

Alhamis gudawa ta fara. Baba ya bar agogon a buɗe a kan tebur ya je ya kwanta. Auta ya sake cika akwatin. Juma'a Baba ya kasa haɗiye ƙwayoyin, ya kau da kai, sai Auta ya niƙa su da bayan cokali, ya jiƙa da ruwa, ya tallafo kansa yana ɗura masa kaɗan-kaɗan.

"Daure, Baba. Magani ba a tsallake masa rana."

Asabar da safe ya tarar da jini a kan filo. Jikin Baba zafi rau, haƙoransa na kaɗawa, a damtse da ƙirji ga wasu tabo baƙi-baƙi kamar an dake shi. Auta ya goya shi zuwa bakin titi ya tsayar da tasi. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda bai ji nauyinsa ba.

A asibiti aka ɗora Baba a gado mai taya, aka ɗebi jini, aka bar Auta a kan benci awa biyu yana kallon takalman mutane. Sannan aka kira shi. Likitar mace ce, 'yar siririya, idanunta sun faɗa, kofin shayinta ya huce a gefen tebur ba ta taɓa ba. Takardar gwajin jinin na gabanta.

"Kai ne ɗansa? Wane magani yake sha?"

Wannan tambayar kam Auta yana da amsarta. Ya zaro akwatin daga jaka ya ajiye mata, ya ɗora kwalbar a gefe. "Ga su nan duka, a tsare. Ni nake ba shi."

Ta buɗe ramin Lahadi. Ta buɗe na Litinin, ta buɗe na Talata. Ta ɗauki kwalbar ta je bakin taga tana ƙoƙarin karanta abin da ya rage na rubutun.

"Waɗannan rawayan, tun yaushe?"

"Tun waccan Juma'ar."

"Kullum?"

"Kullum. Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

Ta leƙa ƙofa ta kira nas, ta faɗi sunan wata allura ta ce yanzu-yanzu, kuma a mayar da tsohon nan ɗakin keɓewa. Sannan ta dawo ta zauna ta murza idanunta.

"Zauna. Wannan maganin sau ɗaya ake shan sa a mako."

Auta ya ji maganar amma ba ta shiga ba. "Ai huɗu aka rubuta a murfin."

"Huɗu a mako. Na wata biyu ka ba shi cikin kwana takwas."

Ta yi masa bayani ƙasa-ƙasa, da muryar wanda ya gaji da bayani. Ciwon Baba, garkuwar jikinsa ce ta juya tana cin gaɓoɓinsa. Maganin yana danne garkuwar kaɗan, sai a bar jiki ya huta kwana shida. In aka sha kullum babu hutun, sai ya bi duk abin da jiki ke sabuntawa ya tsayar da shi, fatar cikin baki da ta hanji, har ɓargon da ke yin jini. Yanzu ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta sun kusa ƙarewa a jikin Baba, masu tsayar da zubar jini ma haka. Mura kaɗai tana iya tafiya da shi.

"Zai tashi?"

"Ban sani ba. Akwai allurar da ke karya ƙarfin maganin, ita aka tafi ɗaukowa. Za mu sa masa ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mu ƙara masa jini. Sauran kuma sai ɓargonsa ya farka da kansa. Kwana biyar, kwana bakwai, jinin zai nuna mana." Ta rufe murfin Talata. "Gara da ka zo da akwatin nan. Da sai mu kwana biyu muna lalube."

Yaya ta iso kafin azahar, ta same shi a baranda.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa! Ƙwai aka ce maka shi ne? Uban namu ka mayar tire?"

"Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla! Karatu ne ba ka iya ba?"

"Rubutun ya goge."

"Bakinka ma gogewa ya yi? Ba ka da waya?"

Ta yi ta yi har muryarta ta dushe, sannan ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin ta rufe fuska da mayafi. Can an jima ta ce, "Ni ma ka turo min hoton. Na gani na yi dariya."

Inna ta iso Lahadi da yamma da jakarta a hannu, ko gida ba ta biya ba. Ta tsaya a jikin gilashin ƙofar tana kallon mijinta, robobin ƙarin ruwa a hannu biyu, leɓensa sun fashe sun yi baƙi. Auta ya so ta zage shi, ko ta ɗaga hannu ta mare shi. Sai ta zo ta zauna kusa da shi ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota.

"Da ka ce min ka ba shi," in ji ta, "har na juya na gaya wa ƙanwata. Na ce Auta ya yi hankali."



Kwanakin da suka biyo baya duk kala ɗaya ne. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, minti goma, shi ma sai ya wanke hannu har gwiwa, ya sa rigar roba da takunkumin fuska. Kowace safiya nas ta ɗebi jini, kowace rana likita ta zo da lamba. Auta bai san ma'anar lambar ba, ya dai san so ake ta hau. Litinin ba ta hau ba. Talata ta ƙara sauka, zazzaɓi ya tashi, aka canza allura. Mai sito ya ba shi kwana biyu, a na uku ya ce ƙwai ba ya jira, sai ya zamana da safe yana sito, da yamma yana bayan gilashi. A bakin aiki hannunsa ne ke yi, shi ba ya wurin. Ranar Laraba ya saki tire guda a ƙasa, ya tsaya yana kallon gwaiduwa na bin siminti. Mai sito ya buɗe baki zai fara, ya dubi fuskarsa, ya ce kawai a kawo tsumma.

In ya shiga ɗakin, Baba ba ya magana, bakin ba ya buɗuwa. Auta yakan jiƙa auduga ya goga masa a leɓe. Sau biyu yana farawa, "Baba, ni ne na..." sai Baba ya lumshe ido. Ko barci ne ko ƙin ji ne, bai sani ba.

Ranar Juma'a, kwana na bakwai, likita ta wuce su a baranda ta ce lambar ta ɗan motsa, amma kada su yi murna tukuna. Dama ba mai ƙarfin murna a cikinsu. Da yamma Auta ya sa takunkumi ya shiga, ya tarar da idon Baba a buɗe yana kallon bango. Leɓen ya motsa. Auta ya sunkuya.

"Me ka ce, Baba? Ruwa?"

"Agogon nan," in ji Baba, kowace kalma da ƙyar. "Ya yi latti. Minti bakwai. Na gwada da na ƙirjin nas."

Auta ya dubi agogon bangon, ya dubi wayarsa. Minti bakwai cif. Ya fita ya gaya wa Inna. Sai a lokacin ta yi kuka, karo na farko tun da ta sauka daga mota.

Kwana goma sha takwas Baba ya yi a asibiti. Ranar sallama likita ta tara su ukun a ofishinta.

"Wancan maganin an gama da shi," in ji ta. "Ko sau ɗaya a mako ne jikinsa ba zai sake ɗauka ba, ƙodarsa ta taɓu."

"To hannun fa?" in ji Inna.

"Za mu gwada wani, amma sai jininsa ya gama dawowa. Wata uku, wata huɗu. Kuma ban yi muku alkawarin zai yi aiki kamar wancan ba."

Cikin mako uku ciwon ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Yatsun suka kumbura, suka fara karkata gefe ɗaya. Agogon da Baba ya bari a buɗe yana nan a kan tebur, Inna ta kife kofi a kansa saboda ƙura. Sau ɗaya Baba ya zauna ya gwada. Ya ɗauki ɗan sukudireba, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Ya cire gilashin daga idonsa ya jefa a aljihun tebur, ya sa Auta ya tattara 'yan ƙarafan a ambulan ya mayar wa mai agogon, ya ba shi haƙuri, ya kwatanta masa wani mai gyara a kasuwa.

Akwatin roban kuwa Inna ba ta jefar ba, ta wanke ta zuba allura da zare a ciki. Magunguna suka koma hannunta. Ta sa Yaya ta rubuta sunan kowanne da lokacinsa da manyan baƙaƙe, aka manna a bango, ta ce kowa a gidan ya karanta, har da mai shan.

Safiya ce ta fi wuya. Baba yakan tashi hannuwa da gwiwoyi a ƙage, Inna kuma bayanta ba ya ɗaukar ɗaga mutum. Auta ya koma tashi da wuri, ya dafa ruwa ya sirka a roba, ya zaunar da Baba a bakin gado ya tsoma masa hannu a ciki har yatsun su ɗan saki, sannan ya sa masa kaya. Wata safiyar Litinin yana goge masa hannu da tawul, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baba."

"Na'am."

"Maganar nan dai..."

"Kai, ka fara kuma. Shekara uku ina haɗiya ban taɓa tambayar rana ba. Innarku na ganin ita ce, yayarka na ganin kai ne, kai ma kana ganin kai ne. Ni na gaji da zancen. Ja min hannun rigar nan."

"Amma hannunka, Baba."

"Ba sai ka gaya min ba, a jikina yake."

Auta ya ja hannun rigar. Ya durƙusa ya fara sa maɓallan daga ƙasa, yana hawa, har ya kai na wuya.

"Bar wannan, yana shaƙe ni."

Yatsun Auta sun riga sun kama maɓallin. Ya ɗan tsaya, sannan ya sake shi. Ya tallafi Baba zuwa kujerar bakin taga, gaban teburin da yanzu ba komai a kai sai kofin shayi. Baba ya dubi agogon bango.

"Ka yi latti. Bas ta shida da rabi ta wuce."

"Zan hau ta bayanta."

Ya zubar da ruwan roban, ya rataya jakarsa, ya leƙa ya ce wa Inna shayin Baba ya huce, tana iya ba shi. Sannan ya fita bakin titi ya tsaya cikin masu jiran bas.